An Zuba Wa Sunanka Giya a Ƙasa

Sekondi,
Litinin, cikin ruwan ƙarshen damina.

Zuwa ga yayana, Ebo,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ban girma irin na ƙanwa ga wanta, ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ka da rai da lafiya, cikin rufin asiri. Allah ya tsare ka daga sanyin Hambog, wanda masu jirgi ke ce mana yana shiga ƙashi ya yi ɗaki ya zauna. Ya ba ka maƙwabta masu tausayi, ya sa abincin Jamusawa ya karɓi cikinka, ko da yake ban ga yadda cikin da aka raina da dokunun masara da soyayyen kifi zai yarda da burodi da dankali ba tare da ya yi ƙorafi ba. Mu nan muna lafiya, sai godiya.

Maame, mahaifiyarmu, tana nan da ranta. Idanun ne dai suka tafi suka bar ta, yanzu haske da duhu kawai take rarrabewa, amma kunnen nan nata yana nan kamar na kyanwa. Daga ɗaki take jin wanda ya buɗe tukunyar miya ba da izini ba, har ta kira sunansa. Ƙafafunta suna kumbura in an yi ruwa, ina shafa mata man kaɗe da yamma. 'Yata Ewurabena ta haihu, namiji, mai manyan kunnuwa irin na gidanmu. Ɗana Paa Kow ya samu aiki a tashar jiragen ruwa, yana tuƙa injin ɗaga kaya, har ya fara yi mini magana da hannu a aljihu. Kawu Kwamena ya tsufa, amma bakinsa bai tsufa ba, kuma har yau shi ne babban dangi, shi ake kai wa kowace magana. Ni kuwa ina nan a rumfata ta atamfa a babbar kasuwar Takoradi, inda ka bar ni. Ciniki yau fari gobe tsumma, amma ba a taɓa kwana da yunwa ba.

Na san abin da za ka fara yi in ka ga rubutuna, za ka ɗaga kai ka harari Kobina kukun jirgi da ya miƙa maka ambulan. To, ka sauke idonka, ba laifinsa ba ne. Mutumin nan ya riƙe maka amana iya ƙarfinsa, sai dai ya yi rashin sa'a ya faɗo hannuna. Ya zo saya wa matarsa zane, na ga yana ta kauce wa idona kamar wanda ya taka mini kaza. Wanda ya yi shekara talatin yana karanta fuskar mai saye ba ya bukatar boka. Na kai shi gida, na kirɓa masa sakwara da miyar gyaɗa da kan akuya, na bari sai da ya yi loma ta uku, sannan na ce masa a hankali, wai ni ina jin Yaya Ebo ya rame ko? Bawan Allah bai san lokacin da ya ce, a'a, bai rame sosai ba, furfura ce dai ta yi yawa. Sai ya saki lomar, ya dafe kai, ya ce, "Wayyo Anti Araba, kin kashe ni, na rantse masa da Littafi!" Na ce masa ci abincinka, ɗana, kai ba ka faɗa ba, sakwara ce ta faɗa.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Kyaftin Bentil ya rasu. Na san ba wanda ya gaya maka, shi ya sa na fara da shi, ka zauna in kana tsaye. Ya kwanta rashin lafiya gajeriya, ƙirji ne, ƙirjin nan da ya busa ƙaho har matan Sekondi suka riƙa ƙona miya. An yi masa jana'iza mai kyau, 'yan badujala suka raka shi tun daga coci har maƙabarta, aka ɗora ƙahonsa a kan akwatin. Ka ga ke nan ƙungiyarku ta kiɗa, 'Yan Bakin Ruwa, ta ƙare a wannan gari. Jojo mai ganga ya riga kowa, ruwa ya ci shi a Axim. Ticha Amissah mai piyano ya bi shi shekarar da aka yi ƙarancin wuta. Yanzu ga Kyaftin. Cikin ku huɗun da kuka tsaya a hoton bayan faifan nan naku guda ɗaya tilo, da kwat ɗin aro da takalma masu ƙyalli, saura kai kaɗai, mai riƙe da wuyan Gwaggo, babban gogen nan naka da ake tsayarwa a ƙasa, kana murmushi kamar ka san abin da sauran ba su sani ba.

Ka tuna rediyon Baba? Wanda ya saya da kuɗin sallamarsa daga ma'aikatar jirgin ƙasa, mai koren ido da sai ya yi ɗumi yake magana? Ka tuna yadda ka hau bishiyar kwakwa ka ɗaura masa waya don ya kamo gajeren zango, ka sauko cinyoyinka duk sun saɓule, Maame tana zaginka tana shafa maka magani? Da magariba in an gama cin abinci kakan murɗa shi a hankali, ka wuce masu wa'azi, ka wuce masu labarin yaƙi, har sai kiɗan jaz ya fito daga can ƙetaren teku, yana zuwa yana komawa kamar igiyar ruwa. Ni a lokacin ban ji komai ciki ba sai hayaniya. Kai ne ka kama kunnena ka ce, Araba, bar bin mai ƙaho, shi ɗan gayu ne, saurari na ƙasa, wanda ke tafiya dum, dum, dum, shi ne ke ɗauke da gidan a kansa. Tun ranar ban sake jin kiɗa yadda sauran mutane ke ji ba. Kowa na kallon rufi, ni ina neman ginshiƙi. Ko a kasuwa abin ya yi mini amfani, don ba na sauraron abin da mai saye ke faɗa, sai abin da ke tafiya a ƙarƙashin maganarsa.

Wannan rediyon ya mutu tuni, kaji ma sun yi ƙwai a cikinsa. Amma zaman bai mutu ba. Yanzu akwai wata ƙaramar tasha a nan garin, wani yaro mai suna Fiifi yana sa jaz duk Lahadi da la'asar, mutane suna buga waya suna zaɓen abin da suke so. To duk Lahadi bayan an taso daga coci, tsofaffin abokanka sukan taru a barandarmu, kowa da kujerarsa da ba mai zama masa. Ni ce mai soya kifi da niƙa barkono, su ne masu gardama. Egya Kuntu ya ce tun da aka sa wa jita wutar lantarki kiɗa ya lalace. Lauya, wanda ka san bai taɓa shiga kotu ba sai ranar da aka kai shi, ya ce Egya Kuntu kunnensa ne ya lalace, ba kiɗa ba. In an sa wata mawaƙiyar Amurka mai murya kamar an jiƙa tsakuwa da zuma, sai Sista Maanan, wadda ta yi ritaya daga aikin jinya, ta rufe ido ta ce a yi mata shiru, wannan matar ta san abin da namiji yake. Lauya ya ce, ke ma ai kin sani, sau uku kika je makarantar. Ta ce masa, rufe mini baki, tsohon kwarto, da kai ne malamin da tun ajin farko na gudu. Haka dai, har rana ta faɗi. In an sa wanda ya mutu, sai a yi ta tuno shi kamar maƙwabci, wannan ya mutu bai kai arba'in ba, wancan a ɗakin haya aka tsinci gawarsa, wance kuwa ba ta taɓa ganin ribar muryarta ba. Mutanen da ba su taɓa sanin akwai wani gari Sekondi ba, ga tsofaffi a nan suna share musu hawaye.

Maame ma ana fito da ita. Har gobe tana cewa kiɗan nan ba shi da kai ba shi da gindi, kamar an saki awaki a kasuwa kowace ta kama gabanta. Amma ba ta taɓa fashin Lahadi ba. Na tambaye ta dalili, ta ce ita ba awakin take saurare ba, makiyayin take jira, mai tafiya a baya.

Ka san Egya Kuntu ba ya bari a kunna rediyo sai ya yi abin da aka gada. Yakan tuɓe takalmi, ya sauke mayafi daga kafaɗa, ya tsiyaya giya a ƙaramin kofi, ya riƙa ɗiga ta a ƙasa yana kiran waɗanda suka riga mu, su zo su sha su saurara tare da mu. Yakan fara da kakanni, sannan ya shiga makaɗa, namu da na Amurka duka a jere, yana karya sunayensu da harshenmu har su kansu ba za su gane ba. Fasto ya taɓa yi masa magana, wai me ya haɗa shi da baƙin da bai sani ba. Ya ce, Fasto, ta ƙofar kurkukun bakin tekun nan aka fitar da kakanninsu a matsayin bayi, jikokinmu ne, in ba mu ba su sha ba wa zai ba su? Fasto bai sake tayar da zancen ba.

To ranar Lahadin da ta biyo bayan jana'izar Kyaftin, Fiifi ya riga ya sanar cewa shirin ranar duka na 'Yan Bakin Ruwa ne. Baranda ta cika har titi. Egya Kuntu ya sha kuka a makon, kuma ina zaton ya ɗanɗana abin kofin kafin ya ba ƙasa. Ya kira kakanni, ya kira na ƙetare, sannan ya ce, Jojo, ga sha. Ticha Amissah, ga sha. Kyaftin, sabon baƙo, ga sha. Bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce, Ebo, ga sha. Yaya, ina tsaye da kaskon kifi a hannu na ga giyar ta sauka a ƙasa, ƙasa ta shanye. Na yi ihu na ce, Egya, wa ya ce maka ya mutu? Ya tsaya yana kallon kofin kamar kofin ne ya yi maganar. Ya ce, "'Yata, baki ne ya saba, kullum su huɗu nake kira a jere tun suna samari." Lauya ya yi ƙoƙarin mai da abin wasa, ya ce ai Ebo ko yana raye ba zai ƙi kofi ba. Ba wanda ya yi dariya. Kowa a wurin ya san sunan da aka zuba wa giya an miƙa shi ke nan, ba a tsugunawa a tsame shi daga ƙasa.

Ban gama farfaɗowa ba aka kunna rediyo. Ashe da Fiifi ya zo aron faifan, Egya Kuntu ya ce masa duk sun tafi, yana nufin ba ko ɗaya a gari. Yaro ya ɗauka yadda ya ji. Sai ga muryarsa, a tausashe kamar mai karanta addu'a, yana cewa a yau za mu tuna da gwanaye huɗu da ƙasa ta rufe wa ido, ya jero ku, ya rufe da marigayi Ebo Essel, mai babban goge. Sannan ya saki faifan. Ka san waƙar farko da kai take buɗewa, kai kaɗai, kafin sauran su shigo. Duk garin Sekondi da Takoradi suka ji an kira ka marigayi, sannan suka ji takunka.

Na juya wajen Maame, na ce yau za mu yi jana'iza biyu. Ba ta yi kuka ba. Ta ce a kama ta a kai ta ɗaki. Ka san tun ranar da ka hau jirgi ka ce wata shida za ka yi, Gwaggo tana tsaye a kusurwar ɗakin Maame, Maame ta lulluɓe ta da zanen aurenta. Ba ta yarda yara su taɓa ta, ta ce baƙuwar ɗanta ce, ajiya aka ba ta. Ta yaye zanen, ta ɗora tafin hannunta a kan cikin Gwaggo. Rediyo na baranda, taga a buɗe. Can sai ta ce, Araba, zo ki taɓa. Na taɓa. Wallahi katakon yana rawa a hankali, duk lokacin da ka ja tsirkiya a faifan, ita ma tana amsawa daga nan, uhm, uhm, kamar tsohuwa mai gyangyaɗi ana mata hira. Maame ta ce, kin ji ko? Kayan mamaci ba ya amsawa. Je ki gaya musu su ci kifinsu.

Ita ta gama nata hukuncin, amma gari bai gama ba. Washegari ban gama buɗe rumfa ba mata suka fara zuwa, kowace da fuskar ta'aziyya, suna tambaya wane zane dangi suka fitar na makoki, baƙi da ja ne ko kuwa baƙi zalla, don su yanka tun bai yi tsada ba. Yaya, ka san ni. Na taɓa sayar wa matar fasto atamfar da ruwa ya taɓa, na ce mata sabon yayi ne, ta dawo ta ƙara yadi shida. Ban taɓa barin kuɗi ya zo rumfata ya koma da ƙafarsa ba. Amma ran nan na kwashe duk baƙin yadin da nake da shi na tura ƙarƙashin tebur na zauna a kai, na ce ya ƙare. Maƙwabciyata ta ce, Araba, ba jiya na ga an sauke miki dila guda ba? Na ce idonki ne, je ki asibiti. Sista Maanan ce ta fi ba ni wahala. Ta zo da jan ido, ta ce leshi take so, baƙi, mafi tsada, don ita ba za ta raka ka da abin banza ba, ko da yake kai ka tafi ba ko sallama. Na ce mata, Sista, wanda kike wa kuka yana can yana shan shayi. Ta ce, "In yana raye, ki ce masa Allah ya isa. In kuma ya mutu, ki ajiye mini yadi shida." Na ga har yanzu ba ta huce ba, ka san abin da wannan ke nufi a wajen mace mai shekara sittin da ɗoriya.

Na je tashar da kaina na sami Fiifi. Yaron kirki ne, har ya durƙusa. Lahadi ta gaba ya ce a rediyo a gafarce shi, an ce Ebo Essel yana raye. An ce! A kasuwa "an ce" ba ya sayen ko ƙyallen goge takalmi. Gyaran ya fi ɓarnar muni, don yanzu rabin gari na cewa dangi ne ke ɓoye mutuwar saboda ba su shirya kashe kuɗi ba.

Wannan maganar ce ta kai kunnen Kawu Kwamena, ka kuwa san shi da sunan gida. Ya tara dangi. Ya ce mutum ya fi shekara goma ba takarda, ba saƙo, ba ko gaisuwar baki, an zuba wa sunansa giya a gaban jama'a, an faɗa a rediyo, me kuma ake jira? Ya ce barin mamaci ba a yi masa makoki ba zalunci ne, yana can tsaye a bakin ƙofa, bai shiga wajen kakanni ba, bai dawo wajenmu ba. Na miƙe na ce ina da labarin kana raye. Ya ce wa ya gan ka? Kobina ya ƙi zuwa, ya ce ya karya rantsuwa sau ɗaya a kan sakwara, ba zai ƙara a gaban dattawa ba. Sai Kawu ya dube ni ya ce, 'yar ƙanwata, duk garin nan an san ke za ki iya sayar wa kifi ruwa, maganarki ita kaɗai ba ta isa ba. Ka ga ranar da iya talla ya zama mini abin kunya. A ƙarshe ya yanke cewa Asabar ta farko a watan Nuwamba za a kafa rumfuna, a sa hotonka, a yi maka makoki ba gawa, a naɗa magaji, a raba abin da ka bari. Abin da ka bari kuwa Gwaggo ce kaɗai, kuma tuni wani mai otal ya aiko yana so ya tsayar da ita a zaure, a maƙala mata fitilu. Hanya ɗaya Kawu ya bari. Ya ce sunan da aka miƙa a bainar jama'a, mai shi ne kaɗai zai karɓo shi, da bakinsa, a bainar jama'a.

Kada ka ɗauka Kawu mugunta yake yi. Shi ma da aka watse na gan shi a bayan gida yana fyace hanci, ya ce mura ce.

Ni ba rumfunan nake tsoro ba, ba kuma mai otal ba, wannan ko da tsintsiya zan kore shi. Maame nake tsoro. Tun daga ran nan, duk Lahadi ba ta zama a baranda, ɗaki take shiga ta ɗora hannu a cikin Gwaggo ta jira amsa. Ni na yi makaranta har aji huɗu na midil, na san ba aljani ba ne, ƙarar rediyo ce ke kaɗa tsirkiya. Shi ya sa kowane mako nake ɗan matso da rediyon kusa da taga, in ƙara masa murya, in ce wa su Lauya don kunnen Egya Kuntu nake yi. Amma damina ta sassauta tsirkiyoyin. Ashe duk shekarun nan Kyaftin ne ke shiga ɗakin in ya zo, wai zai gaida Maame, sai ya murɗa wa Gwaggo kunnuwa ya daidaita ta, bai taɓa gaya wa kowa ba sai ita. Yanzu ba shi. Na gwada da kaina, tsirkiya ɗaya ta yi ƙara kamar za ta tsinke, na janye hannuna. Jiya rediyon har kan tagar na ɗora shi, Maame ta daɗe da hannunta a wurin, sannan ta ce, yau muryarsa ta yi nisa. Ba ta ci abincin dare ba. Ranar da Gwaggo ta yi shiru, Yaya, ba sai Kawu ya kafa rumfa ba, kuma ina jin ba taka kaɗai za a kafa ba.

Na san abin da ya rufe maka baki. Kobina ya gaya mini, wannan kam ba sakwara, da kansa ya faɗa yana hawaye. Ya ce ciwon shanyewar jiki ya taɓa ka, ka tashi, amma yatsun hannun dama sun ƙi komawa aiki. Ya ce kana zaune a gidan saukar ma'aikatan jirgi na mishan, kana dafa musu shayi kana share zaure, kuma in an sa kiɗa kakan fita waje. Ya ce ka ce gara a tuna da kai da kwat da Gwaggo a hannu, da a gan ka haka. To ka ji ni da kyau, ni ƙanwarka ce amma yau zan yi maka rashin kunya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle mu mu yar da kai saboda yatsu. Kana tsammani duk makaɗan da muke kuka a kansu ran Lahadi da kwat suka mutu? Da za a ce wa Egya Kuntu ɗaya daga cikinsu yana raye yana share zaure a wani gari, da ƙafa zai tafi ya karɓi tsintsiyar. Ban gaya wa Maame zancen hannun ba, amma na ɗan zagaya, na ce, Maame, in a ce ya daina kiɗan fa? Ta ce, da na haife shi da goge ya fito?

Ba kuɗi nake nema ba, kada ka aiko, ba kaya ba, ba ma cewa na yi ka hau jirgi ba, ko da yake ɗakinka na nan kuma komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Abu ɗaya ne. Na rubuta lambar wayar tashar a bayan ambulan. Ran Lahadi da ƙarfe huɗu na nan, ka tambayi Kobina ƙarfe nawa ke nan a wajenku, ka sayi katin waya ka buga. Na riga na shirya da Fiifi, ya ce in ka kira, ko shugaban ƙasa ne a kan layi zai sauke shi. Ba sai ka yi jawabi ba, na san ka da nauyin baki. Ka faɗi sunanka da na uwarka, ka ce kana nan. In maganar ta maƙale, to ka yi abin da ka saba yi a banɗaki muna yara, lokacin ba ka da goge sai baki, kana wanka kana dum, dum, dum har Baba ya buga ƙofa ya ce ruwan na kowa ne. Yatsu ne suka tafi, bakin yana nan. Maame za ta gane ka tun kafin ka kai na uku. Zan sa Kawu a kujerar gaba, in sa Egya Kuntu ya riƙe kofinsa, ya ce in ya ji muryarka shi zai shanye da kansa a madadinka, wai bai taɓa jin hukuncin da ya yi masa daɗi kamar wannan ba.

Maame tana gaishe ka, ba ta san ina rubutu ba, amma kullum tana gaishe ka. Kawu Kwamena yana gaisuwa, ko da bai ce ba. Ewurabena da mijinta da jaririn suna gaisuwa, ba a riga an yanke sunan da za a ƙara masa ba, ina ta ja musu rai. Paa Kow yana gaida kawunsa da bai sani ba sai a bayan faifai. Egya Kuntu ya ce ka yafe masa. Lauya ya ce ka taho masa da hula. Sista Maanan ba ta ce a gaishe ka ba, ta dai tambaye ni sau biyu ko jirgin Kobina ya tashi. Ka gaida waɗanda ke kula da kai a can, ka ce wata mai atamfa a Takoradi tana sa musu albarka.

Baƙin yadin yana nan ƙarƙashin teburina, har yau a kansa nake zama. Kusa da shi na ajiye farin leshi dila guda, irin wanda muke ɗaurawa in za mu coci godiya, na hana kowa ko taɓawa. Dangi duka sun san ɗaya daga ciki za a yanka kafin Nuwamba. Almakashi yana hannuna, Yaya. Kai nake saurare.

Taka har kullum, ƙanwarka,
Araba Essel